Har Kano Muka Kai Ki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan sallama da durƙuso irin wanda na saba yi miki a ƙofar ɗakinki a Zandam, ina roƙon Allah ya sa gaisuwar nan ta same ki cikin yalwar kabari da haskensa. Na san takarda ba ta isa inda kike, addu'a ce ke isa, kuma ban fasa yi miki ita ba. Ko da kina raye ma ba ki karanta boko, sai dai in zauna a gefen tabarmarki in karanta miki. Amma akwai maganar da damina biyu ke nan ina riƙe da ita, na rasa wanda zan faɗa wa sai ke, kuma na ga ya kamata mutanen Gwaram da Birnin Kudu su ji ta. Shi ya sa zan sa wasiƙar a fili, wanda ya ga dama ya karanta.

Inna, Habi ba ta da lafiya. Autarki tana kwance a asibitin da aka fara kwantar da ke a Birnin Kudu, gado uku ne tsakanin nata da wanda kika kwanta a kai. Ta haihu a ɗakinta a Kangire, 'ya mace, sai jini ya ɓalle mata. An yi mata ƙarin jini, zubar ta tsaya, amma ƙodarta ta daina aiki kamar yadda taki ta daina. Yau kwana bakwai ana yi mata wankin ƙoda, fitsari bai dawo ba. A kan benci nake rubuta miki wannan, a bakin ɗakin mata, bayan azahar, kuma ban san ko za ta tashi ba.

Abin da muka hana a yi miki shi na sa aka yi mata, kuma na yi hakan ne bayan Yaya Musa ya ce kada a yi. Kafin ki ga laifina a kan saɓa wa babba, ki bari in tuna miki abin da ya faru da ke, domin rabinsa ba ki cikin hayyacinki.

Da gudawa da amai abin ya fara, a tsakiyar damina. Kwana uku kina cewa sanyin ruwa ne, a jiƙa miki sabara. Da na zo daga Gwaram na tarar idanunki sun zurma. Mai kemis ya sa miki ruwa, gudawar ta tsaya, muka yi hamdala. Sai fitsari ya ɗauke. Ni na fara lura, domin ni ke riƙe ki zuwa bayan gida. Ƙafafunki suka kumbura, shaƙuwa ta kama ki, kika fara kiran Habi da sunan ƙanwarki da ta rasu tun muna yara. A ranar muka kawo ki nan.

Likitan da ya duba ki siriri ne mai magana a hankali, ba zai girmi Habi ba. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce, “Ƙodar Inna ba mutuwa ta yi ba, suma ta yi. Irin wannan sau da yawa tana farfaɗowa, in an samu abin da zai riƙe mata aikinta na 'yan kwanaki.” Ya juya bayan katinki ya yi zane uku da biro, ya ce hanyoyin wankin ƙoda ke nan. Katin yana cikin jakata har yau.

Hanya ta farko ita ce wadda kowa ya sani, ta inji. A sa roba a babbar jijiya, jini ya fita ya bi ta cikin inji a tace shi ya dawo, awa uku ko huɗu an gama, sai kuma bayan kwana ɗaya ko biyu. Ya ce tana da sauri, tana kwashe datti sosai, amma saurin nan nata yana son jikin da zai iya ɗauka. Wanda awon jininsa ya riga ya yi ƙasa, kamar naki a ranar, tana iya ƙara kayar da shi.

Ta biyu ma inji ne, amma mai tafiya sannu, ba ya tsayawa dare da rana, an yi shi ne domin wanda ya galabaita. Ya ce wannan sai a ɗakin kulawa ta musamman a manyan asibitoci, kuma ko a can ba shi da yawa, samunsa sai an dace.

Ta uku babu inji a cikinta. A huda ƙasan cibiya kaɗan a sa siririyar roba, a rataye ledar wani ruwa na musamman a bar shi ya shiga ciki. Ruwan ya zauna ya jawo dattin jini ta tantanin da Allah ya shimfiɗa a cikin kowa, sannan a buɗe ya fita cikin wata leda a ƙasa, a sake sa sabo. Ya dube ni ya ce, “Kamar yadda ake jiƙa gero ne, Malama, a tsiyaye a sake ruwa.” Ya ce tana da jinkiri, tana son tsafta mai tsanani domin ƙwayar cuta na iya bin robar ta shiga, kuma ba a yi wa wanda aka yi wa aiki a ciki kwanan nan. Amma ba ta girgiza jiki, ba ta jiran wutar lantarki, kuma suna da kayanta a nan.

Na tambaye shi wacce ta fi. Ya ce babu wadda ta fi ga kowa da kowa, a dubi jikin mara lafiya ne, a dubi abin da ke hannu. “Ga Inna, a yau, wannan ta ukun. Kafin la'asar zan iya farawa.”

Kin san al'adar gidanmu, ba a yanke komai sai babba ya ji. Muka kira Yaya Musa a Kano, ɗan farinki da ba ki taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ki ce wancan na birni. Na bayyana masa duka ukun yadda likita ya faɗa. Bai bar ni na kai ƙarshe ba. Ya ce, “Ana zamanin injin niƙa za ku mai da uwarmu dutsen niƙa? A ce muna raye an huda cikinta an ajiye mata leda a ƙarƙashin gado? Me za mu ce wa mutane?” Ya ce kada kowa ya taɓa ki, Kano za a kai ki a ɗora ki a kan inji.

Da sauƙi in ɗora komai a kansa in huta, amma ba ki rene ni da ƙarya ba. Ni Rakiya, malamar Islamiyyar matan aure, wadda ke koyar da babin tsarki shekara da shekaru, ga abin da ya zo mini a rai a lokacin: ruwa zai riƙa fita daga cikinki ba yankewa, ina alwala? Namiji zai yaye zanen tsohuwa ya taɓa cikinta, ina sutura? Na ce a waya, “Ni ma hankalina bai kwanta ba.” Abin da na faɗa ke nan kawai. Yaya ya ce, “Kun ji, malamar gidan ma ta faɗa.”

Habi ce kaɗai ta buɗe baki. Ta ce, “Yaya, ba likita ya ce yau ba?” Na juya na ce mata ta yi shiru, manya na magana.

Likita bai yi fushi ba. Ya ba mu takarda muka sa hannu cewa mu muka ɗauke ki, ya ce in za mu tafi, mu tafi a lokacin, kada mu kwana. Muka kwana. Dalili kuwa, ba a saka uwa a motar haya alhali ɗanta yana da mota, sai da muka jira Yaya ya iso washegari da hantsi. Da muka ɗaga ki za mu sa a kujerar baya, kika buɗe ido kika ce, “Ina kuma za a kai ni? Ai na kwanta.”

Ba na zargin ma'aikatan asibitin da muka je a Kano, sun yi abin da ke hannunsu. Amma inji ba ya jiran kowa a bakin ƙofa. Sai an yi gwajin jini, sai sakamako ya fito, sai layi ya zo kanki, ga mutanen da ke zuwa wanki duk mako, kowa da ranarsa. Wuni ya tafi, wani wunin ya bi shi. A rana ta uku da zanen likitan nan aka ce layi ya zo kanki.

Inna, ni da na ƙi a buɗe cibiyarki, ina tsaye aka ɗage zanenki har matsematsin cinya, maza biyu, domin a can za a sa robar inji. Ban tuna da sutura ba. Ai Kano ce, ai inji ne.

Ba a yi awa guda ba injin ya fara ƙara, awon jininki ya faɗi, suka kashe shi. Suka ce wanda ya dace da ke shi ne mai tafiya sannu, amma akwai mutum a kansa. Wani dattijon likita ya karanta takardar da muka zo da ita, ya tambaye mu, “Can ba su ce za su yi mata ta ciki ba?” Yaya ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Suka ce washegari za su gwada ta cikin, wadda muka baro a Birnin Kudu kwana uku baya. Ba ki jira su ba. Da hantsi kika cika, hannunki a cikin nawa.

Muka dawo da ke Zandam a motar da ta kai ki. Aka yi miki sutura, aka zauna makoki. A nan ne na ji maganar da har yau take ƙona mini rai. Duk wadda ta shigo, in ta gama addu'a, sai ta dafa ni ta ce, “Ai kun yi ƙoƙari. Har Kano kuka kai ta.” A zauren maza ma abin da ake gaya wa Yaya ke nan: har Kano, har kan inji, Allah ya yi wa 'ya'yan nan albarka. Na ga yadda kafaɗunsa ke saukowa duk lokacin da aka faɗa. Ni ma, Allah ya gafarta mini, na ji sanyinta a kwanakin farko.

Sai daga baya na gane abin da muka yi. Wannan maganar muka je nema a Kano, Inna. Tun kina numfashi muka fara shirya abin da za a faɗa a zaman makokinki. A ƙasarmu an mai da nisan tafiya ma'aunin biyayya: wanda ya mutu a asibitin kusa, 'ya'yansa sun yi sakaci, wanda aka yi ta jijjigawa a mota har birni, 'ya'yansa sun fita haƙƙinsa. Ba mai tambayar me aka yi masa a can, ko kwana nawa ya yi yana jira. Sunan gari kawai ake so a ji. Ina jin haushin wannan al'ada, kuma ina jin haushin cewa na yi shekaru ina faɗa wa wasu irin maganar a gidajen makoki, ina ganin ta'aziyya nake yi.

Na san abin da za a ce da ni, an ma riga an faɗa: lokacinki ne ya yi. Na yi imani da haka, ban taɓa shakka ba, babu wanda zai ƙara miki numfashi ɗaya a kan abin da aka rubuta. Amma ba a ajalinki za a tambaye mu ba. Za a tambaye mu ne a kan abin da aka sa a gabanmu muka ture, da dalilin da ya sa muka ture shi. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai ba na yarda a mai da ita mayafin da za a rufe girman kai da shi.

Bayan arba'in ɗinki na dawo nan na nemi likitan. Na tambaye shi, da mun yarda, da kin rayu? Ya ce, “Ban sani ba, Malama, duk wanda ya ce miki ya sani ƙarya yake yi. Abin da na sani shi ne ta yi kwana uku ba a wanke ta da komai ba.” Na so ya ce e, in san girman laifina, ko ya ce a'a, in huta. Bai ba ni ko ɗaya ba.

Na je wurin malamin da na yi karatu a gabansa a Gwaram, na kai masa maganar alwala. Ya kalle ni ya ce, “Rakiya, ba ke kike koya wa mata hukuncin mai larura ba? Mara lafiya ai yadda ya iya yake salla.” Na sani, Inna. Na sani tun a ranar. Na karantar da wannan babin ba sau ɗaya ba. To in ba jahilci ba ne ya sa na ce hankalina bai kwanta ba, mene ne? Na bincika kaina na daɗe, abin da na samu ƙyama ce kawai: ƙyamar leda, ƙyamar ruwan ciki, da tsoron a ce uwar malama tana kwance cikin najasa. Na ɗauki ƙyamata na sa mata sunan addini. Wannan ne zunubin da nake neman gafararsa a kowace sujada.

Yanzu ki ji na Habi. Da mijinta Malam Idi ya kira ni, daga gona aka ɗauko shi, na tarar da shi a bakin ɗakin nan da taɓo a ƙafa. Bayan kwana biyu da ƙarin jini sai ledar fitsarinta ta zauna babu komai. Likitan nan dai ne. Ya gane ni, bai nuna ba. Ya juya bayan katinta zai fara zane, na buɗe jaka na miƙa masa naki.

Wannan karon na yi tambayar da ya kamata in yi a kanki. Na ce ya gaya mini gaskiya, ba abin da nake so in ji ba. Ya ce da awon jininta ya tsaya da ƙarfi, kuma da a ce inji yana ɗaki na gaba, da inji zai zaɓa mata, domin ya fi saurin kwashe abin da ke barazana ga zuciyarta. Amma jininta a ƙasa yake, hanya tana da nisa, kuma ba a yi mata aiki a ciki ba, da kanta ta haihu. “Ta ciki, yau,” in ji shi.

Aka kira Yaya, domin al'ada ba ta mutu tare da ke ba. Na ɗauka damina biyu sun koya masa wani abu. Ya ce, “Ina tafe da mota gobe, kada a taɓa ta. Wancan karon makara muka yi, wannan karon na san mutum a can.” Abin da ya koya ke nan, Inna: ya nemi hanyar tsallake layi. Malam Idi kuwa, bawan Allah, mai kunyar surukai, ya naɗe hannu ya ce, “Duk yadda Alhaji ya ce.”

Ban taɓa kallon mijin ƙanwata ido cikin ido ba sai ranar. Na ce, “Malam Idi, matarka ce, ba matar Alhaji ba. Ranar da za a yi tambaya, kai za a fara kira.” Ya dubi takardar amincewa da aikin, gumi yana bin wuyansa. Sannan ya goge babban yatsansa a jikin rigarsa ya dangwala a takardar. Kafin la'asar ledar farko ta hau ƙarfen da ake rataye ruwa. Na tsaya na riƙe mata zane da hannuna, aka buɗe iya inda ake buƙata, bai kai tafin hannu ba.

Yaya ya iso washegari. Ya tsaya a ƙofa ya ga leda a sama, leda a ƙasa. Ya ce, “Rakiya, kin mai da 'yar'uwarki randa, a zuba a kwashe? In ta mutu a nan me za ki ce wa mutane?” Ke kika hana mu ɗaga murya a gaban babba, kuma shekara arba'in da wani abu ban taɓa ɗagawa ba. Ranar na ɗaga. Na ce, “Mutanen nan mun ba su uwarmu, Yaya, ba zan ba su Habi ba.” Matan da ke jinya a sauran gadaje duk sun ji. Ya juya ya fita. Tun daga ranar bai yi mini magana ba, amma bai koma Kano ba. Kullum yana can ƙarƙashin darbejiyar bakin asibiti, a cikin motarsa, ƙofa a buɗe.

Na yi daidai, ko ramuwa nake yi? Ina tambayar kaina haka a kowace salla. Wataƙila ina so ne Habi ta tashi domin ita, wataƙila kuma domin a ce Rakiya ta yi gaskiya. Ina tsoron na biyun. In ta rasu, za a ce ni na hana a kai ta Kano, kuma babu wadda za ta dafa ni ta ce na yi ƙoƙari. Na yarda da wannan tun kafin a huda ta.

Abu ɗaya zai ba ki dariya. Tsananin nan nawa a kan tsarki, wanda kike cewa zai sa in wanke ruwa da ruwa, a nan ya samu aikin yi. Nas ta nuna mini yadda ake wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin a kusanci robar, na ce mata wannan darasina ne. Matan Kangire sun cika ɗakin da dubiya, kowace tana so ta ɗaga zane ta gani, wata tsohuwa ta matso za ta yi tofi a kan cikin. Na tare ta na ce ta yi addu'arta daga ƙofa, Allah yana ji daga can. Sun tafi suna cewa malamar Gwaram ta cika iyayi. Duk da haka a rana ta huɗu ruwan ya fito da duhu-duhu, aka ce alamar ƙwayar cuta ce, aka fara sa magani a cikin ledar. Wuni biyu ban iya haɗiye tuwo ba, sai da ruwan ya washe.

Ina da fushi a kan wasu ma, ba gidanmu kaɗai ba. Me ya sa sai mutum ya zo gaɓar mutuwa yake fara jin cewa hanyoyin nan uku ne? Ana shelar taki da rigakafi a kasuwa da masallaci, ba a taɓa gaya mana cewa in fitsari ya ɗauke bayan gudawa ko haihuwa a gaggauta zuwa asibiti ba. Masu riƙe da amanar lafiyarmu sun fi son a ɗauke su hoto a gaban inji mai fitilu, ledar ruwa da siririyar roba ba su yin kyau a hoto. Su ma, kamar mu, abin da za a faɗa suke nema.

An yi suna ba tare da mai jego ba. Jaririyar tana Kangire wurin kakarta ta wajen uba. Malam Idi ya sa mata sunanki, wanda ba zan rubuta a nan ba, muna kiranta Ummi. Da na gaya wa Habi, ta motsa leɓe ta ce, “Tana da hancin Inna?” Na ce tana da shi. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa, sau ɗaya na ga yarinyar.

An kira la'asar. Zan ajiye biro.

Inna, na dawo. Kwana biyu takardar nan tana ninke a jakata tare da katinki.

Yau da hantsi ina gyara wa Habi matashi, idona ya faɗa kan ledar fitsari da ke rataye a gefen gado, wadda kwana tara nake kallo babu komai sai ɗigo a gindinta. Na ga ruwa. Na ɗauka idona ne, na durƙusa. Yana sauka ta robar, ɗigo bayan ɗigo, rawaya. Nas ta juye shi a kofin awo ta ce in kai wa likita ya gani da idonsa, yana ɗakin gaba.

Ni da nake koya wa mata yadda ake nisantar ɗigon fitsari a gefen zane, ni da nake sake alwala in na yi shakkar inda na taka, da hannu biyu na ɗauki kofin nan, ina tafiya a hankali kada ya zube, bakina yana ta hamdala. Likita ya ɗaga shi ya duba, ya ce ƙodar ta fara farkawa, amma ba a cire roba ba tukuna, akwai sauran kwanaki, kada mu saki jiki. Ban saki ba. Amma na ji abin da ya ce.

Da na fito, Yaya Musa yana tsaye a baranda, karo na farko da ya baro motar. Ya kalli kofin, ya kalle ni. Ya ce, “Nata ne?” Na ce nata ne. Ya daɗe bai ɗauke ido daga kai ba. Sai ya ce, “Da Inna ma…” bai ƙarasa ba. Ya cire hularsa, ya juya ya fuskanci bango. Na so in ce masa e, na yi damina biyu ina tanadin wannan e ɗin. Amma likita ya riga ya gaya mini cewa babu wanda ya sani. Na ce, “Ba mu sani ba, Yaya. Mu dai mun san abin da muka yi.” Muka tsaya a nan, ni da ɗan farinki, kofin yana hannuna.

Ki yafe mini, Innata. Kin ce mana kin kwanta, muka tashe ki. Ki yafe wa wancan na birni, yana sonki, bai san wata hanyar nuna shi ba sai mota. Ni kuwa na yi alkawari tsakanina da Allah, duk gidan makokin da na shiga daga yau, ba zan sake yaba wa kowa da sunan gari ba.

Ya Allah, ka gafarta wa mahaifiyata, ka sa jinyar da ta sha da wadda muka ƙara mata su zama kankarar zunubi. Ka yalwata makwancinta, ka wanke ta wankin da babu hannun ɗan Adam a cikinsa. Ka tashi kafaɗun Habi, ka mai da ita ga 'yarta. Ka tsare ni daga ƙyamar da ke shigar addini, ka tsare mu duka daga tsoron bakin mutane a ranar da ake buƙatar tsoronka. Amin.

Lokacin sauya leda ya yi, zan je in wanke hannu.

Wassalamu alaikum.

'Yarki mai neman yafiyarki,
Rakiya.